Yaran da ke sharar ƙanƙara, da bashin da yayye ke bar ma ƙanne

Yau kam zan ɗan kauce daga maganar ƙwallo, waɗanda suka saba leƙowa nan don jin ya aka kwana da Katsina United ko firimiyar Ingila ku yi mani haƙuri. Wani wasa ne ya shiga raina kwanan nan, wanda in ka tare mutum a Ƙofar Soro ka ce mashi ana cin zinare da shi a Olamfik sai ya ɗauka zolaya kake, wasan kalin, wato wannan da ake tura ƙaton dutse bisa ƙanƙara mutum biyu na biye da shi suna ta shara a gabanshi wani kuma na can ƙarshen fili yana ta kwarara masu ihu. Kuma ba ma wasan manyansu ne ya riƙe ni ba, gasar matasansu ce, musamman hanyar da ƙasa ke bi ta samu gurbi a gasar duniya, don tsarin da na gani a wurin tun da na fahimce shi yake ta yi mani yawo a kai.

Bari dai in ɗan faɗi yadda wasan yake don kar in bar wasu a baya. Filin doguwar ƙanƙara ce, tsawonta wajen mita 45, faɗinta bai wuce mita 5 ba. A kowane ƙarshe an zana da'ira cikin da'ira, ita suke kira gida. Ƙungiya mutum huɗu ce, kowa zai tura dutse biyu ana karɓa-karɓa da abokan karawa, kenan duwatsu 16 ke fita a kowane turmi. In an gama turawa sai a duba dutsen wa ya fi kusa da tsakiyar gida, to wannan ƙungiyar ce kaɗai za ta ci maki a turmin, kuma duk dutsenta da ya fi na abokan karawa mafi kusa matsowa tsakiya maki ɗaya ne. A gasar duniya turmi 10 ake yi, wasa ɗaya sai ya cinye awa biyu da rabi ko ukku. Dutsen kanshi kilo 17 ne zuwa kusan 20, kuma ba kowane dutse ake sassaƙawa ba, waɗanda ake amfani da su a Olamfik daga wani ɗan tsibiri suke fitowa mai suna Ailsa Craig a gaɓar Sikotland, babu kowa zaune cikinshi sai tsuntsaye, kamfanin Kays ne ke da izinin ɗiba kuma sai a yi shekaru ba a je ɗiba ba. Akwai wata mahaƙa kuma a Trefor ta ƙasar Wales. Kusan duk duwatsun wasan a duniya daga wuraren nan biyu suke.

Sharar nan da ke ba mutane dariya ita ce rabin wasan. Ƙanƙarar ba sumul take ba, kafin a fara sai an bi an yayyafa mata ruwa ya daskare ya yi tsiro-tsiro ƙanana, bisa su dutsen ke tafiya. Mai turawa in zai saki sai ya ɗan murɗa mariƙin dutsen, sai dutsen ya riƙa juyawa a hankali yana karkata dama ko hagu, da haka ake zagaye dutsen da aka gitta a hanya a ɓoye a bayanshi. Masu shara in suka danna buroshinsu da ƙarfi suna goga sai saman ƙanƙarar ya ɗan ɗumama santsi ya ƙaru, dutsen ya ƙara nisa da mita biyu ko ukku kuma ya rage karkata. Kaga kenan bayan dutse ya bar hannun mai shi akwai sauran gyara, kuma cikin 'yan daƙiƙu za a yanke shawara a share ko a bari, shi ya sa ihun.

Abin da ya fi burge ni kuma shi ne maganar dutsen ƙarshe. Ƙungiyar da ke da dutsen ƙarshe a turmi ita ke da rinjaye, amma da zarar ta ci maki sai dutsen ƙarshe ya koma hannun abokan karawa a turmi na gaba. To sai ka ga kyaftin na da damar cin maki ɗaya a ɓagas amma ya ƙi, ya kore dutsen abokan karawa nashi ma ya bi shi waje, turmi ya tashi babu wanda ya ci, don kawai ya riƙe dutsen ƙarshe ya jira turmin da zai ci biyu ko ukku. Yaro ɗan shekara 18 ya ga maki a gabanshi ya kauda kai saboda lissafin abin da zai faru nan da minti arba'in, wallahi ba ƙaramin abu ba ne. Kuma agogo na tafiya, kowace ƙungiya minti 38 gare ta na tunani a duk wasan, in ya ƙare ta faɗi.

To mu zo kan gasar matasan. An fara ta maza a 1975 a Kanada, ta mata kuma sai 1988 a Chamonix ta Faransa, garin da aka fara wasannin Olamfik na hunturu a 1924. Hukumar kalin ta duniya ce ke shiryawa, hedikwatarta na Perth a Sikotland, can ne asalin wasan tun wajen shekara 500 da suka wuce. Sharaɗin shekaru a fili yake, dole ya zama ba ka cika 21 ba zuwa 30 ga Yuni na shekarar da ta gabaci gasar. Har zuwa gasar 2025 dai ƙasashe 10 ne kacal ke shiga a ɓangaren maza, 10 a na mata, kowa ya kara da kowa wasa tara-tara, huɗun farko su wuce kusa da ƙarshe.

Goman nan fa ita ce matsalar, don ƙasashen da ke cikin hukumar sun haura 70. Mai masaukin baƙi na da gurbinta, waɗanda suka ƙare a sama bara suna riƙe da nasu, waɗanda suka ƙare a ƙasan teburi kuma sai su faɗa rukuni na biyu da ake kira B. Shi wannan rukunin B an fara shi a 2016, kafin nan Turai na da tata gasar neman gurbi, yankin Asiya da Fasifik na da tasu, sai aka haɗe su wuri ɗaya. Yawancin shekaru a wani gari ake yi a Finland mai suna Lohja, a cibiyar wasanni ta Kisakallio, kuma 'yan shekarun nan cikin Disamba ake yi, lokacin da mu nan muke kukan hunturu muna hura wuta a ƙofar gida su can rana ma 'yan awoyi take leƙowa. Ƙasashe ashirin da wani abu ke taruwa a kowane ɓangare, a raba su rukuni-rukuni, a zo kwata fainal, kuma gurabe yawanci ukku ne.

Ku lura da wannan ukkun da kyau. Wanda duk ya ci wasan kusa da ƙarshe ya riga ya samu tikiti, don haka wasan ƙarshe na zinare kusan shagali ne, ƙungiyoyin biyu kowa ya san zai je gasar duniya. Wasan da ake zubar da hawaye shi ne na neman na ukku. A ƙwallo wasan neman na ukku ai ba wanda ya damu da shi, wasu ma cewa suke a soke shi, amma a Lohja shi ne wasan, wanda ya ci ya tafi gasar duniya, wanda ya faɗi ya koma gida da na huɗu hannu rabbana, kuma in shekarunshi sun cika shi kenan ba zai sake ganin wannan damar ba har abada.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Gurbin ba na yaran da suka buga ba ne, na ƙasa ne. In 'yan matan wata ƙasa suka je gasar duniya suka ƙare na tara, ƙila dukkansu ko rabinsu shekara mai zuwa sun wuce 21 sun tafi abinsu, to waɗanda za su je Lohja cikin sanyin Disamba su sake neman gurbin nan wasu yara ne daban da ba su da hannu a faɗuwar, ƙila lokacin da ake wasan ma a waya suka kalla. Tamkar yaya ne ya ci bashi a kasuwa ya bar gari aka zo aka tsare ƙane a ƙofar gida. Haka kuma in aka juya, ƙungiya za ta iya yin abin kirki ta ajiye ma ƙasarta gurbi, shekara mai zuwa wasu su zo su shiga kai tsaye ba tare da sun san wahalar da aka sha ba. Har ma akwai ƙasashen da sai ka ci gasar cikin gida sannan ka wakilce su, kaga ba wanda aka ajiye ma kujera.

Da farko sai mutum ya ga kamar zalunci ne. Amma ni a ganina babu ma'aunin da ya kai shi gaskiya, don abin da yake aunawa ba wai ko ƙasa ta yi dace da yara huɗu masu baiwa a shekara ɗaya ba ne, yana auna ko akwai wasu huɗu a bayansu, da wasu huɗun a bayan waɗancan. Ƙasar da ta tattara duk ƙarfinta kan ƙungiya ɗaya za ta haska shekara biyu sannan ta sulale ƙasa, kowa ya gani a teburi babu ɓoye-ɓoye. Kuma tsarin ba ya jin kunyar kowa. Kanada ita ce uwa ma ba da mama a wasan nan, mafi yawan masu buga shi a duniya can suke, amma a Disambar 2022 'yan matanta sai da suka je Lohja suka bi layi tare da ƙananan ƙasashe kafin su dawo sama. A ɗaya ɓangaren kuma ƙofar a buɗe take ga baƙi, 'yan matan Japan sun ɗauki kofin duniya na matasa a 2022, samarin Sin suka ɗauka a 2023 a Füssen ta Jamus, a 2025 kuma a Cortina samarin Italiya suka ci a gida 'yan matan Koriya ta Kudu suka ci na mata.

Sannan in ka bi sunayen waɗanda suka ci gasar matasan sai ka same su a sama bayan shekaru. Niklas Edin na Suwidin ya ci ta matasa a 2004, bai samu zinaren Olamfik ba sai 2022 a Beijin, shekara 18 yana abu ɗaya. Eve Muirhead ta Sikotland sau huɗu ta ci, 2007, 2008, 2009 da 2011, ita ma zinarenta na Olamfik 2022 ya zo. Anna Hasselborg ta ci ta matasa a 2010 ta ci Olamfik a 2018. Brad Gushue na Kanada 2001 sannan 2006. Bruce Mouat 2016, ya zo ya zama zakaran duniya na manya a 2023. Layin a miƙe yake, kana iya bin yaro da ido tun yana ɗan makaranta har ya yi furfura a wasan.

Dole nan in taɓo namu, ko da na ce ba zan yi maganar ƙwallo ba. Sau biyar Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma a kofin duniya na manya ba mu taɓa wuce zagayen 'yan 16 ba. Ba na cewa ba a samu waɗanda suka ɗore ba, ga Kanu ga Iheanacho ga Osimhen, amma kowa ya san maganar rage shekaru ta daɗe tana bin mu, har dakatar da mu FIFA ta yi a 1989 kan saɓanin ranakun haihuwa, daga baya aka kawo hoton ƙashin wuyan hannu don tantancewa. Mu kofin yau muke so, ko da wanda ya ɗauko shi gobe gwiwarshi ta gama aiki. Kuma ba a matakin ƙasa kaɗai ba, je ka kalli gasar unguwanni ta 'yan ƙasa da 15 ka ga masu gemu.

Wani abin da da yawa ba su sani ba, Najeriya na cikin wasan kalin ɗin nan. A 2018 ta shiga hukumar ta duniya, ita ce ƙasar Afirka ta farko, Kenya ta biyo baya a 2021. Waɗanda suka fara wakiltarmu 'yan Najeriya ne mazauna waje, a 2019 a Stavanger ta Norwe a gasar duniya ta mace da namiji Tijani Cole da Susana Cole suka doke Faransa. Daga baya aka fara koya ma yara a Legas, kuma a Janairun 2024 matasan Najeriya suka je Olamfik na matasa na hunturu a Gangwon ta Koriya ta Kudu, su ne tawagar kalin ta farko daga Afirka da ta je. Sun sha kashi, kashi kuma ba na wasa ba, wanda ba abin mamaki ba ne tunda a gida ba bisa ƙanƙara suke atisaye ba, a ƙasa suke yi bisa shimfiɗa, su kuma abokan karawarsu wasu tun suna firamare suke bisa ƙanƙara.

Da na kawo maganar nan a majalisarmu bayan isha'i wani dattijo da muke zama da shi, tsohon malamin makaranta ne, bai bari na kai aya ba ya ce, “Ɗana, mu da ƙanƙara ai sai da azumi, ita ma sai an yi layi an saya da tsada a jefa cikin zoɓo. Ƙasar da ba ta iya daskarar da ruwan leda ita ce za ta daskarar da fili?” Na ce, “Baba gaskiyarka, amma ai yaran sun je.” Ya ce, “Zuwa daban, komawa daban.” Aka yi dariya aka wuce wata hira, amma ni na san ya taɓa inda ke ciwo. Filin kalin ba ruwa kawai ake zubawa a bari ba, injin ne ke aiki dare da rana yana riƙe ƙanƙarar wajen digiri 5 ƙasa da sifili, ga na'urar tsotse danshin iska, ga ruwan da sai an tace shi, ga ƙwararren da aikinshi kenan gyaran ƙanƙara. A garin da Afrilu ke haura digiri 40, lissafin dizal ɗin kaɗai ya isa ya kashe maganar.

Kuma mu Katsinawa mun san yadda baƙon wasa ke zama ɗan gida, don mun gani a folo. Zamanin Sarki Dikko ya shigo, Sarki Usman Nagogo ya buga shi har sunanshi ya fita ƙasashen waje, Janar Hassan ya ɗora, har yau ana gasa a filin folo mutane na cika. Amma folo ya tarar da doki a nan, ya tarar da barga da masu kiwo da masu sirdi da yaran da suka tashi suna hawa tun kafin su iya karatu, sanda da ƙwallo kawai aka ƙara. Kalin bai tarar da komai ba. Shi ya sa ni ban ɗauka za mu ga Najeriya a gasar duniya ta matasan nan kusa ba, kuma duk wanda ya ce maku za a gani yana neman kuɗin tafiya ne. Abin da ke damuna da irin labaran nan na “na farko a Afirka” shi ne a nan muke tsayawa, an yi da 'yan matan da suka je tseren keken ƙanƙara a Olamfik na 2018, aka yi ta yaɗa hotuna mako biyu aka manta. Rukunin B kuma ba ruwanshi da na farko, tambayarshi ɗaya ce duk Disamba, ina sababbin yaranku 'yan ƙasa da 21.

Abin da nake ganin za mu iya ɗauka kyauta ba tare da ko ƙwayar ƙanƙara ba shi ne tsarin. Muna da ƙananan hukumomi 34 a jihar nan. A ce gasar langa ko kokawa ko ma ƙwallon 'yan makaranta an yi mata rukuni biyu, goma a sama saura a ƙasa, gurbi na ƙaramar hukuma ne ba na yaran ba, ukkun ƙarshe su sauka ukku su hau duk shekara, shekaru kuma a duba su daga rajistar makaranta ba daga bakin koci ba. Shekara ukku kawai za a yi a gane inda ake renon yara da inda ake hayar ƙarti ranar gasa. Daura ta faɗo ta ga Mashi ko Kaita a samanta, ai ba sai an ce ma kowa ya tashi tsaye ba. Akwai kuma wata ɗabi'a tasu da nake kwaɗayi, in mai shara ya taɓa dutse da buroshi ko ƙafa ko da ba wanda ya gani shi ne zai faɗa da bakinshi, kuma in ƙungiya ta ga ba ta iya kamo maki sai kyaftin ya miƙa hannu a gaisa wasa ya ƙare, ba a ɗaukar haka a matsayin abin kunya. Wannan kam ban san yadda za a rubuta shi cikin dokar gasa ba.

Shi kuma wasan na bisa daɓe da yaran Legas ke yi, ba laifi a kawo shi makarantunmu don nishaɗi da motsa ƙwaƙwalwa. Duwatsun na roba ne masu 'yan tayoyi a ƙasa, daɓe mai santsi kawai ake buƙata ko shimfiɗa, zauren taro na makaranta ya isa, ba gudu ba karo ba cire kaya, yarinya da hijabinta za ta buga, mai keken guragu ma zai buga. Zai koya ma yaro auna ƙarfin hannu da lissafin dutsen ƙarshe da inda ake gitta dutse a tare hanya. Sai dai a faɗa ma yaran gaskiya tun farko, a wasan ƙasa babu shara, babu zamiya da takalmin nan mai santsi a ƙafa ɗaya, kuma dutsen ba ya karkata yadda yake yi bisa ƙanƙara. Duk dutsen da aka tura a Lohja mutum biyu cikin huɗu aikinsu shara ne, yaron da ya taso a daɓe kuma ranar da ya sauka Finland ranar zai fara koyon tsayuwa.